Idan Injin Ya Ƙi Tashi, Wa Zai Faɗa Mana?

Daren Asabar 7 ga Oktoban 2017 muna zaune a bes ɗinmu, wato majalisar hirarmu, a unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana, ana dafa ataya, sai sama ta yi jawur ta wajen unguwar Madina. Kafin mu gama tambayar juna, wayata ta yi ƙara. Gwaggona ce, tana haki, ta fito da jikoki biyu ko takalmi babu. "Ɗana, an ce Atomik ya fashe, ina za mu nufa?" Ban da amsar da zan ba ta. Abin da ya tashi a daren nan gidan sayar da iskar gas ne da ke mahaɗar Atomik Jankshan. Mutum 7 suka rasu, sama da 130 suka jikkata. Amma mahaɗar ta samo sunanta ne daga hanyar da ta nufi Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana a Kwabenya, kuma a kunnen tsohuwar da ta ji an ce "Atomik", abin da ke cikin shingen can ne ya tarwatse. Ta yi ta tafiya cikin duhu har kusan awa biyu, ba ta san gudun me take yi ba, ba ta san ko gaba ya fi baya ba.

Duk lokacin da na ji labarin tashar nukiliyar da Gana ke shirin ginawa, wayar nan ce ke dawo mini.

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri: ina son a gina. Sana'ata gyaran janareta ce, shekara ashirin da ɗoriya ke nan a nan Ankara, kuma na ga abin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi wa mutane a 2015 da idona. Masu sayar da kifin firiza sun zubar da jari a kwata. Teloli sun kwana a shago suna jiran wutar tsakar dare don su cika alkawarin ɗinkin salla. Masu walda sun sallami yara. Madatsar Akosombo ta yi mana hidima tun 1965, amma ruwa yana ja baya idan damina ta yi gardama, gas kuma da dala ake sayensa. Ƙasar da ke son masana'antu tana bukatar wutar da ba ta jiran ruwan sama. Kuma mafarkin ba sabo ba ne. Nkrumah ya aza harsashin tukunyar nukiliya a Kwabenya a Nuwamban 1964, juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin. Tun 1994 wata 'yar ƙaramar tukunyar bincike ƙirar Sin take aiki a can, mai kilowat 30, wato zafinta bai wuce na dutsen guga talatin a haɗe ba. A 2015 majalisa ta yi dokar da ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan harkar nukiliya, a 2018 aka kafa kamfanin da zai mallaki tashar, a 2023 kuma aka sanar cewa Nsuban a Yankin Yamma ne wurin da aka fi so, Obotan a Yankin Tsakiya na biye. Maganar ta wuce hira.

Abin da ke hana ni barci ba yuraniyom ba ne. Halinmu ne idan abu ya lalace a hannunmu.

Shekarun baya aka kira ni wani asibitin kuɗi, wuta ta ɗauke da dare janareta ya ƙi tashi, sai da fitilar waya aka ƙarasa ɗinke wata mata. Da na je na nemi littafin gwaji. Kowane mako an rubuta an tayar da injin minti goma sha biyar, an sa hannu, wata bakwai a jere. Na duba agogon da ke ƙirga awannin aikin injin, na kwatanta da lambar da na rubuta a zuwana na ƙarshe. Bai motsa ba. Kan batir ya yi fari fat da tsatsa. Na ja yaron da ke sa hannun gefe, na ce, "Ƙanena, faɗa mini gaskiya, ba zan kai ka ba." Idonsa ya cika da hawaye. Ya ce sau ɗaya ya kai rahoto cewa injin yana wahalar tashi, aka ce shi ya ɓata, aka yanke masa albashi. Daga ranar ya daina taɓa injin, ya ci gaba da cika littafi. Manajan kuwa abin da ya ce mini shi ne, "Masta, kar ka rubuta wannan a takardarka, mu gyara a tsakaninmu." Na rubuta. Ba a ƙara kirana ba.

Yaron nan ba mugu ba ne. An koya masa ne cewa faɗin "ya lalace" laifi ne, shiru kuma ba ya jawo komai. Wannan karatun muna bayar da shi a gareji, a ofis, a gida, kowace rana.

To me ya haɗa janaretan asibiti da tashar nukiliya? Kusan komai. Tukunyar nukiliya ba kamar injin mota ba ce da za ka murɗa makulli ta mutu. Ko an kashe ta, sandunan makamashin da ke ciki suna ci gaba da fitar da zafi, da farko kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ƙarfinta, sannan ya riƙa raguwa a hankali. Duk mai sayar da wake da shinkafa ta san garwashin da ke ƙarƙashin toka yana iya ƙona gindin tukunya bayan an janye itace. Dole famfuna su ci gaba da zagaya ruwa, famfo kuma sai da wuta. Idan layin waje ya yanke, manyan janaretocin dizal ne za su tashi cikin daƙiƙoƙi su riƙe aikin. Irin injin da nake kwance ƙarƙashinsa kullum ne, sai dai ya fi girma. A Fukushima ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, tukwanen sun tsaya da aiki da kansu lafiya da girgizar ƙasa ta zo. Igiyar teku mai tsayin mita 14 zuwa 15 ce ta biyo baya ta cika ɗakunan ƙasa inda janaretocin suke, tukwane uku suka narke. Kuma tun 2008 lissafin cikin gida na kamfanin ya nuna igiya mai mita 15.7 na iya zuwa. Takardar tana nan, ba a yi aiki da ita ba.

Na Koriya ta Kudu ya fi kama da asibitin nan nawa. A Fabrairun 2012, a tashar Kori, wuta ta yanke gaba ɗaya na minti 12 a tukunya ta ɗaya lokacin da ake mata gyara, janaretan ko-ta-kwana ya ƙi tashi. Shugaban wurin ya ce a yi shiru. Sai bayan wata guda hukuma ta sani, shi ma don wani ɗan majalisar birnin Busan ya tsinci zancen a bakin ma'aikata a gidan abinci. Ba a jima ba aka bankaɗo cewa an shekara da shekaru ana saka kayan gyara masu takardun shaida na jabu a wasu tashoshin ƙasar, sai da aka rufe tukwane ana canza su. Koriya ke nan, ƙasar da ke ƙera tashoshi tana sayar wa wasu.

Amma labarin da na fi so kowane ɗan majalisarmu ya sani shi ne na wani bawul a Amurka. Ranar 28 ga Maris 1979, da asuba, a tashar Three Mile Island da ke jihar Pensilbaniya, wani bawul mai rage matsin tururi ya buɗe kamar yadda ya kamata, sai ya maƙale bai koma ya rufe ba. Ruwan sanyaya tukunya ya riƙa tsiyaya. A ɗakin sarrafa na'urori akwai 'yar fitila ta bawul ɗin, kuma ta mutu, ma'aikata suka ɗauka ya rufe. Ashe fitilar tana nuna an aika wa bawul umarnin rufewa ne kawai, ba ta nuna ko ya bi umarnin. Wani ma'auni kuma yana nuna musu kamar ruwa ya yi yawa, sai suka rage famfunan gaggawa da hannunsu, a daidai lokacin da tukunya ke ƙishin ruwa. Sama da awa biyu aka yi kafin wani ya gane ya toshe hanyar. Kusan rabin makamashin ya narke.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wata 18 kafin wannan, a Satumban 1977, irin wannan ya faru a tashar Davis-Besse ta jihar Ohayo. Kamfani ɗaya ya ƙera tukwanen biyu. Bawul ya maƙale, ma'auni ya ruɗe ma'aikata, suka yi irin kuskuren. Sai dai tukunyar tana aiki da ƙaramin ƙarfi a ranar, kuma cikin kusan minti 20 suka gano. Ba wanda ya ji ciwo, ba abin da ya fita waje, don haka aka ɗauke shi ƙaramin abu. Injiniyoyin kamfanin sun rubuta gargaɗi a cikin gida cewa a sanar da sauran tashoshi. Gargaɗin bai isa ga mutanen da ke bakin aiki a Pensilbaniya ba. Da takarda shafi ɗaya ta isa hannunsu, da sun san abin da suke kallo a asubar nan. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, to amma sai ka ji labarin gobarar tukuna.

Daga nan duniyar nukiliya ta koyi cewa ƙaramin lahani shi ne malami mafi araha. A Amurka yau, idan tasha ta ayyana yanayin gaggawa, minti 15 take da shi ta sanar da hukumomin jiha da na ƙaramar hukuma, hukumar tarayya kuma cikin awa ɗaya. Akwai abubuwan da ake faɗa cikin awa 4, wasu cikin awa 8, cikakken rahoto a rubuce kuma cikin kwana 60. Idan na'urar tsaro ta gaza, a faɗa. Idan jiniyoyin gargaɗin da ke garuruwan kewaye suka mutu da yawa, ko da tukunya lafiya ƙalau take, a faɗa. Hukumar kuma tana lika waɗannan sanarwoyi a shafinta na intanet, kowa ya karanta, har ni da ke Nima. Wanda ya fara karantawa zai tsorata, don kusan kullum akwai abin da ya lalace a wani wuri. Ni da na san inji, hankalina kwanciya yake yi. Ba a taɓa ƙera famfon da ba ya lalacewa ba. Tashar da ta shekara biyar ba ta kawo rahoton lahani ko ɗaya ba, littafin asibitin nan ne.

Ko da wannan tsarin ma an kusa faɗawa rami. A Davis-Besse ɗin dai, a 2002, aka tarar wani sinadari mai cin ƙarfe da ke ɗiga shekara da shekaru ya huda murfin tukunya mai kaurin kusan santimita 15, saura ɓawon da bai kai santimita ɗaya ba. Matatun iska sun daɗe suna toshewa da tsatsa, alama ce a fili, amma aka riƙa canza matata ana wucewa.

Na san abin da za a ce mini, don an faɗa mini a bes. Wani dattijonmu da ya yi aikin gwamnati ya ce, "Yaro, mutanenmu ba Turawa ba ne. Ka ce musu famfo ya lalace a tashar nukiliya, gobe Takoradi ta watse." Ina girmama shi, kuma maganarsa da ƙamshin gaskiya. Amma na ce, "Baba, gwaggona ba don an faɗa mata ta gudu ba, don ba a taɓa faɗa mata komai ba ne." Wanda ya saba jin rahoto ƙarami kowane wata, ya ga an gyara, ya ga rana ta fito, shi ne zai yarda da kai ranar da ka ce yau da gaske ne. Hukumar nukiliya ta duniya tana da ma'aunin girman hatsari daga 0 zuwa 7 tun 1990. Hatsarin Canobil na tsohuwar Tarayyar Sobiyet da na Fukushima ne kaɗai suka kai 7. Ma'auni ne da za a iya koya wa ɗan firamare. Akwai kuma masu cewa bayyana lahani zai buɗe wa 'yan ta'adda ƙofa. Tsarin gadi da taswirar shinge a ɓoye su, ban ja ba. Amma bawul da ya maƙale ba sirrin ƙasa ba ne, kuma na ga yadda ake ɗaukar kalmar "tsaro" a rufe kunya da ita.

Muna da dokar kare mai tona asiri tun 2006, muna da dokar 'yancin samun bayanai tun 2019. Duka biyun alheri ne, amma ba su isa nan ba. Dokar bayanai tana aiki ne idan ka san abin da za ka tambaya, ka rubuta, ka jira. Lahanin da aka ɓoye kuwa ba ka san da shi ba bare ka tambaya. Abin da nake so a rubuta tun kafin a zuba kankare shi ne wajibcin bayyanawa ba tare da an roƙa ba, da awanni ƙayyadaddu, da hukunci mai zafi ga shugaban da ya danne rahoto, da kariya ta gaske ga ƙaramin ma'aikacin da ya ɗaga murya. A hukunta ɓoyewa fiye da kuskure. Idan aka juya wannan, an sake haifar yaron asibitin nan, wannan karon yana riƙe da makullin tukunya. Kuma tun da kamfanonin waje ne za su gina, na Amurka ne ko na Sin, a sa a cikin kwangila cewa duk lahanin da aka gano a irin wannan ƙira a ko'ina a duniya, hukumarmu za ta ji a rana ɗaya da hukumar ƙasarsu. Masu sa ido kuma a biya su albashin da zai hana su kallon hannun wanda suke bincika, ya hana su tafiya waje bayan an kashe kuɗi an horar da su.

Saura ɗaya ɓarin, wato mu da ke wajen shinge. A Canobil, tukunya ta fashe ranar 26 ga Afrilun 1986, amma sai bayan kusan awa 36 aka kwashe mutanen garin Pripyat, kusan 49,000. Yara sun yi wasa a waje ranar. Duniya ba daga bakin Tarayyar Sobiyet ta fara ji ba, na'urorin wata tasha a Suwidin ne suka yi ƙara bayan kwana biyu. A Fukushima an sanar da wuri, amma mutanen garin Namie suka gudu zuwa arewa maso yamma, daidai inda iska ke kai gubar, alhali akwai kwamfutar gwamnati da ke hasashen hanyar iskar, ba a ba su sakamakon ba. Tsofaffi da marasa lafiya sun mutu a motoci da sansanoni. Waɗanda wahalar ƙaura ta kashe a lardin sun haura 2,000. Ashe gudu ma ilimi ne: wani lokaci abin da ya fi shi ne ka shiga ɗaki, ka rufe taga, ka kunna rediyo.

Mu ma muna da namu darasin, ba sai mun je Japan ba. Ranar 3 ga Yunin 2015 mutane sun fake wa ruwan sama a gidan mai a Sakul, nan Ankara, ambaliya ta kwaso mai, wuta ta tashi, sama da 150 suka rasu. A Apiate, Janairun 2022, motar da ke ɗauke da nakiyar haƙar ma'adinai ta kama wuta, ana ihu a gudu, wasu suna matsowa kallo don ba su san me ke ciki ba, garin ya rushe. A 2023 da aka saki ruwan Akosombo, hukuma ta ce ta sanar, har an yi atisaye watanni kafin nan, amma dubban mutane a Mepe da maƙwabtanta suka tsinci ɗakunansu cikin ruwa, da yawansu suna cewa ba su san zai kai haka ba. Ina iya yarda da ɓangarorin biyu. Sanarwa ta fita, amma ba ta zama hoto a kan mai kifi cewa ruwa zai kai tagarsa ba. Kuma kada mu manta ƙasar kudancin nan tana motsi. Girgizar 1939 ta kashe mutum 17 a Ankara, mutanen Weija kuma har yanzu suna jin ƙananan girgiza lokaci zuwa lokaci.

A Amurka ana tsara shirin gaggawa na musamman ga duk wanda ke cikin kilomita 16 daga tasha, ana lura da abinci da ruwa har kilomita 80, ana babban atisaye duk shekara biyu. A wurare da dama ana raba ƙwayar ayodin, mai kare maƙogwaro daga wani nau'in gubar, tun kafin a bukace ta. A takarda duk wannan mai sauƙin kwafa ne. A ƙasa fa? Hukumar Kwabenya ta sha kokawa kan yadda ake cin filinta ana gina gidaje. Idan ba a tsare filin da ke kewaye da Nsuban tun yau ba, ranar da aka kunna tasha za a tarar da unguwa a jikin katanga, da lunguna irin namu na Nima da motar kashe gobara ba ta shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai harshe. 'Yan'uwanmu suna zangunan Sekondi da Takoradi, direbobinmu suna bin hanyar gaɓar teku dare da rana, matanmu suna sarin kifi a can. Idan jiniya ta yi kuka, da wane harshe za a yi bayani? Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da Akan, Ga, Ewe, Nzema, Dagbani da Hausa, hanya tana nan. A 2020, lokacin korona, mun ga yadda kalma ɗaya daga Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ta sa mutane suka haƙura da jam'i, abin da takardar gwamnati kaɗai ba za ta iya ba. Lasifikar masallaci tana isa inda saƙon waya ba ya isa, kuma ladan mutum ne da unguwa ta sani. A sa limamai da sarakunan zango da magajiyoyin kasuwa cikin shirin tun daga zanensa, a yi atisaye da su. Mu ma da aikinmu: malamanmu da 'yan jaridarmu su zauna su daidaita kalmomin Hausa na waɗannan abubuwa, don kada a tsaya neman fassarar "ku zauna a ɗaki" ranar da iska ke kaɗowa.

Ba sai an jira babbar tasha ba. Ƙaramar tukunyar Kwabenya ta yi shekara talatin tana aiki, a 2017 ma aka canza mata makamashi zuwa mai ƙarancin haɗari aka mayar da tsohon Sin, aikin da masananmu suka samu yabo a kansa. A fara da ita. Kowace shekara a fito da jerin abin da ya lalace, da ranar, da yadda aka gyara, a karanta a rediyo da harsunanmu. A gayyaci mutanen Madina, Haatso da Dome su shiga su gani, a faɗa musu ƙarara me zai iya faruwa da me ba zai iya ba. Idan hannu ya saba da rubuta ƙaramin lahani a tukunyar kilowat 30, zai iya rubutawa a ta megawat dubu.

Ranar da aka kira taron jin ra'ayin jama'a, in Allah ya kai mu, zan rufe shago in hau mota zuwa Yankin Yamma. Zan nemi a nuna mini wanda zai riƙa sa hannu a littafin gwajin janareta, da wanda zai riƙa duba agogon awanni a bayansa, sannan a faɗa mini awa nawa za a yi tsakanin injin ya ƙi tashi da labarin ya iso Madina.